Zoben asibiti ko askar wanzami, amsa ga mai jegon da ta yi tambaya kan kaciyar jaririnta

Mai jego barka da arziki, Allah ya raya mana shi bisa sunna. Tun da asuba na ga saƙonki, wai likita ta ce ki dawo da shi bayan sati 2 a sa masa zobe, ita kuma Hajiya surukarki daga Kano ta ce kar wanda ya kuskura ya taɓa mata jika sai ya shekara 7 a kawo shi gida wanzaminsu na gado ya yi masa, har kina tambayar me ya sa ma wasu yaran ake musu tun suna cikin tsumma, wasu sai sun yi wayo, wasu kuma ba a yi musu sam. Sai yanzu na samu na zauna, yara sun tafi madarasa.

Ki kai shi a sa masa zoben kawai. Maza 3 gare ni a nan Makka kuma kowanne da hanyar da aka bi da shi, to ba ji na yi ba, gani na yi.

Na tsakiyan shi aka sa wa zobe, yana da kwana 16. Wani ƙaramin mustausaf ne, wato ɗan asibiti, can wajen unguwar Rusaifa, bayan la'asar muka je ni da babansu, wallahi tun a mota nake kuka saboda abin da na gani a kan yayansa, zan zo kan wannan. Muna shiga likitan ya ɗago ya kalle ni ya ce sannu Hajiya kar ki ji tsoro, da Hausa fa, irin tsohuwar Hausar nan mai nauyi, ashe ɗan Sudan ne daga Mai Wurno kusa da Sinnar, jikokin mutanenmu da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Ni dai daga nan rabin tsorona ya tafi. Abin da ya burge ni bai yi gaggawar ɗaukar komai ba, sai da ya sa aka auna nauyin yaron, ya buɗe idonsa ya duba ko akwai shawara, ya tambaya ko an yi masa allurar bitamin K ranar haihuwa, ya juya gaban yaron ya duba ta ina fitsari yake fita, sannan ya yi min tambayar da ban taɓa zato ba, wai a cikin 'yan uwana maza ko kawunnaina akwai wanda in ya yanke jini ba ya tsayawa? Na ce me ya haɗa kawuna da kaciyar ɗana, ya yi dariya ya ce ciwon rashin tsayawar jini, himofiliya, ta wajen uwa yake biyo ɗa namiji, kuma yara da yawa ranar kaciya ake fara gane suna da shi.

Zoben nan na roba ne fari tas kamar gilas, sunansa Plastibell, Larabawa suna ce masa halaƙa. A gabana ya yage ledarsa, ya nuna min girma-girma ne, daga santimita 1.1 har 1.7, kowane yaro da wanda ya dace da shi. Ya yi masa allurar kashe zafi a gindin wurin, ita ce ma ta sa shi tsala ihu, nas ɗin ta ɗiga masa ruwan suga a baki ya hau tsotsa ya yi shiru. Yadda abin yake, ana sa zoben a kan kan gaban a ƙarƙashin loɓa, a ɗaure fatar da zare tam a jikin zoben, a datse abin da ya yi saura, to zaren nan shi ke tsare jini, fatar da ta rage a bakin zaren sai ta bushe ta yi baƙi ta faɗi tare da zoben, sak yadda cibiya take bushewa ta faɗi. Ba ɗinki, ba bandeji. Ban fi minti 10 a tsaye a bakin ƙofa ba aka miƙo min shi, na ba shi nono a nan kan kujera ya yi barci, kafin mu iso Shara Mansur har minshari yake. Riyal 500 muka biya a lokacin.

Kwana na 3 wurin ya yi baƙi yana ɗan wari, ga wani abu rawaya-rawaya a kai kamar ruwan ƙwai, hankalina ya tashi na ce shikenan ya ruɓe, na koma da gudu, likitan ya duba ya ce haka yake warkewa ki je ki sha kununki. Ranar kwana na 6 da safe na buɗe famfas sai ga zoben kwance a ciki shi kaɗai da ɗan zarensa, wuri ya yi fes. Har yau yana nan cikin wata kwalbar humra da ta ƙare, yaron yanzu shekararsa 8, ran nan na nuna masa ya ce wai ƙarya nake wannan murfin biro ne.

Wanzami kuwa, to, ba zan ce babu na kirki ba tunda iyayenmu da mazanmu duk ta hannunsu suka bi, wanzamin gado da ya gaji zabira a gidansu ya san aikinsa. Iyakar yabon da zan iya ke nan.

Don ni na farin nawa, wanda ba na faɗin sunansa, maganar manya muka bi muka jira har ya shekara 6, kuɗin zuwa gida bai samu ba, sai wata maƙwabciya ta kawo mana wani mutum da 'yar jakarsa ta ce wanzami ne daga gida kuma har asibiti ya taɓa aiki, riyal 150 kacal. A tsakiyar falo aka yi, cikin zafin watan Agusta mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta ƙugi ba sanyi, babansa da baffansa suka danne shi yana kiran Umma Umma ni ina kicin na toshe kunne da mayafi. Mutumin ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kai ya naɗe ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ƙarfe 2 na dare na taɓa zanin da yaron yake kai na ji shi sharkaf, muka kwasa sai ɗawari, sashen gaggawa na asibiti, aka yi masa allurar barci aka ɗaure jijiyar aka yi ɗinki, abin da muka kashe ya ninka kuɗin zobe ban san sau nawa ba, ga tambayoyin da likitoci suka dinga yi wa babansu kamar ƙasa ta tsage ya shige. Lambar mutumin daga ranar ba ta ƙara shiga ba, daga baya muka ji ashe fenti yake yi a Jidda. Yaron ya fi wata 6 in muka zo wucewa ta gaban shagon aski sai ya ƙanƙame min abaya. Araha dai ba ta ado.

Amma fa kar ki ga laifin Hajiya, maganarta tana da tushe, ba son zuciya ba ne. Mu can gida Malikiyya muke bi, kuma yadda aka karantar da mu a islamiyya, a wajen malaman Malikiyya kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, sun karhanta a yi ta ranar haihuwa ko ranar suna saboda kar a yi kama da Yahudawa da suke yi wa nasu a rana ta 8, sun fi son a yi lokacin da ake fara umartar yaro da salla, daga shekara 7 zuwa 10. Kin ga inda shekara 7 ɗin Hajiya ta samo asali. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa wajibi suka ce, Shafi'iyya ma ranar bakwai ɗin suka fi so, nan ƙasar kuma kin san Hambaliyya ce ta fi ƙarfi, ga shi kusan kowa a asibiti yake haihuwa, shi ya sa za ki ga ɗan maƙwabciyarki Balarabiya kafin a yi arba'in an gama da shi. Duk cikinsu ba wanda ya ce in an yi wa jariri kaciya ba ta yi ba. Hadisin da ke Bukhari da Muslim ya lissafa ta cikin abubuwa 5 na fiɗira tare da yanke farce da rage gashin baki da sauransu, bai yanka shekara ba, Annabi Ibrahim alaihissalam ma yana da shekara 80 ya yi tasa. In karahar ranar suna ce take damun ku, ai sati 2 likita ta ce, an wuce ta.

Sannan ki tuna yadda ake yin ta a gida, ai ba yanka kawai ba ne, shiri ne guda. Sai an yi girbi abinci ya wadata, sai hunturu ya shigo saboda ciwo ya fi saurin bushewa a sanyi, a tara yaran unguwa su 5 su 10 a yi musu rana ɗaya kowa yana jin kunyar ya yi kuka a gaban ɗan uwansa, a haƙa musu rami a bayan gida, da dare a sa musu kara tsakanin gwiwoyi kar cinya ta goge wurin, kullum ga kaza ga fura, duk wanda ya shigo gaida 'yan shayi sai ya ajiye musu wani abu, wanzamin kuma a unguwar yake, kullum da safe zai leƙo ya wanke ya duba, in wani abu ya faru an san ƙofar gidan ubansa. Na tuna yayyena da dogayen rigunansu ba wando suna tafiya a tattale muna musu dariya. To wanne daga ciki muke da shi a nan? Ɗaki 2 a hawa na 4, ba tsakar gida, hutun makaranta ya faɗo a tsakiyar zafin da yake haura 45, yaro shi kaɗai ba abokin shayi, mai yankan kuma ba wanda ya san asalinsa. In kuma kin ce za ki jira ki kai shi asibiti yana shekara 7, to a lokacin ba maganar zobe ta minti 10 ba ce, yawanci sai an yi masa allurar barci gaba ɗaya an shiga tiyata an yi ɗinki, kuɗin ya fi yawa, jinyar ta fi tsawo, yaro kuma ya san komai. Zoben ma in jariri ya wuce 'yan watanni likitoci da yawa ba sa yarda su sa, don haka kar ki yi ta ja har lokacin ya wuce.

Su kuma waɗanda ba a yi musu sam, zaman nan ya nuna min duniya da faɗi. Nas ɗin da ta riƙe min yaro 'yar Filifin ce, Kirista, ta ce su ma kusan duk mazansu ana musu, sai dai sai yaro ya kai wajen shekara 10 ko fiye, lokacin hutun makaranta, wanda ba a yi wa ba abokai su dame shi da tsokana, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Kiristocin Habasha tun yaro yana jariri suke yi. Hindu na Indiya ba ya cikin addininsu, haka mutanen Sin da Japan yawanci ba sa yi. A Amurka yawancin maza an yi musu tun a asibitin haihuwa ba don addini ba, al'adar likitocinsu ce ta zama jiki, amma Ingila da Faransa da Jamus in ba Musulmi ko Bayahude ba ko mai wata lalura, da wuya. Ƙanen babansu da ke Jamus ya ba mu labarin yadda a 2012 wata kotu a birnin Kolon ta ce yi wa yaro kaciya don addini laifi ne, Musulmi da Yahudawa suka tashi tsaye, kafin shekarar ta ƙare majalisarsu ta yi dokar da ta halatta. Ko a Afirka ba kowa ba, Nuwer na Sudan ta Kudu da Luwo na Kenya a al'adarsu ta asali ba sa yi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta wajen kashi 30 cikin 100 na mazan duniya ne masu kaciya, mafi yawansu Musulmi, kuma a 2007 ita da kanta ta fara ba da shawarar a yi wa maza a ƙasashen da ƙanjamau ya yi yawa, bayan gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda ya nuna tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da wajen kashi 60. Ga jarirai kuma tana rage ciwon sanyin mafitsara. Mu dai ko ba wannan za mu yi, addini ne.

Akwai kuma yaran Musulmi da za ki gani ba kaciya ki ɗauka sakacin iyaye ne, alhali likita ne ya hana. Autana haka aka yi da shi. Na koma wajen likitan nan da murnata a sa masa zobe irin na yayansa, yana dubawa ya ce a'a wannan ba za a taɓa shi ba, ƙofar fitsarinsa ba a tsini take ba, ta ɗan sauko ƙasa, kuma fatar nan da ake yankewa a yar ita likitan tiyata yake bukata in zai gyara. Ni da na haife shi ina masa wanka kullum ban lura ba. Muka jira ya shekara 1 da 'yan watanni aka yi masa aikin aka haɗa da kaciyar gaba ɗaya, yanzu lafiya lau. A tsakanin nan ba irin maganar da ban sha ba a gidan suna da gidan biki, wai mun zama Turawa. Ki duba da mai jaka na kira, ai kafin ya gama bismilla ya datse ta. Haka bakwaini, da yaron da shawara ta kama, da mara nauyi, da wanda gabansa ya shige cikin kitse, duk ɗaga musu ake yi. Wannan dubawar ta kafin a yanka ita nake biya wa kuɗi, fiye da zoben kansa.

In kin je kika tarar likitan ba zobe yake sawa ba, na ƙarfe yake amfani da shi, Gomco, wanda tun 1935 ake aiki da shi a Amurka, kar ki ce lallai sai zobe. Shi matse fatar yake yi na 'yan mintoci a yanke a cire ƙarfen a nan take, ki tafi gida ba komai a jikin yaro sai ɗan bandeji da baselin. Wanda hannun likitan ya saba da shi shi ya fi.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don na san kina fita daga nan wata za ta biyo ki ta bayan fage da lambar waya. Ki yi hankali da masu yawo gida-gida da jaka, yanzu sun waye, ba sa cewa wanzamai ne, cewa suke daktoci ne suna aiki a asibiti da rana suna taimakon 'yan uwa da dare, har da farar riga. Wasu su ce miki kaciyar leza suke yi ba jini ba zafi, ƙarya ne ba wata leza, ƙarfe ne mai zafi na lantarki, in hannu ya goce ko ya haɗu da wani ƙarfen ƙona gaban yaro yake yi, kuma abin da ya ƙone a wurin nan ba ya tsirowa. Wasu suna da zoben da gaske amma girma ɗaya suka saya suke sa wa kowa, in ya yi wa yaro yawa sai ya zame ya shige ciki ya shaƙe shi, ni har na ji ana cewa wasu wankewa suke su sake sa wa wani, abin da aka yi don amfani sau ɗaya. Matan da suke kawo su kuma ba don Allah suke yi ba, suna da kasonsu a kan kowane yaro, tawa maƙwabciyar sai daga baya na gane. Ga masu tallan man shafawa da gari a WhatsApp da TikTok wai yana warkar da kaciya a kwana 2, kar ki sa wa ɗanki komai a wurin in ba abin da likita ya rubuta kika saya a kantin magani ba, ba garin kafso, ba bagaruwa, ba toka. A dokar ƙasar nan yin aikin likita ba lasisi laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai wata 6 ko tarar da za ta iya kai riyal 100,000, shi ya sa da an samu matsala suke kashe waya su bar ki da jini a hannu. Ko a mustausaf ɗin ma ki tambayi sunan wanda zai yi da matsayinsa, ki ce a yage ledar zoben a gabanki, ki karɓi fatura, wato rasit. In kina shakkar wuri ki kira 937 na ma'aikatar lafiya.

Na san abin da yake tura da yawanmu wajen masu jaka, maganar igama ce, takardar izinin zama, da rashin tamin, wato inshorar lafiya, ba sai an faɗa ba, mu ma a lokacin na farin takardunmu ba su daidaita ba. Amma tunda ke a asibiti kika haihu har likita ta ba ki rana, ba ki da wannan uzurin. Wadda kuma take cikin wannan halin ta riga ta yi a gida, in ta ga jini to ta manta da maganar takarda ta ɗauki yaro ta tafi, jinin jikin jariri mai kilo 3 gaba ɗayansa bai cika gwangwanin Pepsi ɗaya ba, ɗan abin da kike gani kaɗan ne a wajensa da yawa ne.

Bayan an sa, ɗigo ɗaya biyu a famfas ba komai, amma in tabon jinin ya fi faɗin riyal na ƙarfe ko yana ta tsattsafowa, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, ko jikinsa ya kai 38, ko kan gaban ya kumbura ya canza kala, ko zoben ya zame baya, ba jiran safiya, ɗawari kai tsaye, in ba mota ki kira 997 a turo motar asibiti. In ya kwana 10 bai faɗi ba ki mayar da shi su cire. Kuma duk yadda kika ga yana reto saura ƙiris kar ki ja, ki ja wa masu zuwa barka kunne su ma, akwai tsohuwar da ta kusa fizge na ɗana wai taimaka masa za ta yi.

Ita kuma Hajiya kar ki yi musu da ita ke da kanki, ba girmanki ba ne, ki bar ɗanta ya kira ta ya ce likita ne ya ba da rana kuma an kauce wa ranar suna. Ni tawa surukar da ta ji an yi wa na tsakiyan fushi ta yi na sati guda, sai babansu ya tura kuɗi aka sayi kaji 4 aka dafa aka raba wa yaran gidan a matsayin kazar ɗan shayi, ta kira ta bidiyo tana ci tana yi wa jaririn kirari wai angon kaciya ya ƙi zuwa cin kazarsa. Ranar da za ku je ki tafi da famfas wanda ya fi nasa girma da lamba ɗaya don kar ya matse wurin, kuma ki tambaye su tun a waya ko za ki ba shi nono kafin ku fito, wasu suna so a ɗan jinkirta.